Sa'annina na Japan

Inna ba ta taɓa ba ni lamba ba.
In na tambayi shekarata sai ta ce,
"Kakar da gyaɗa ta cika rumbu har ta zube a zaure,
ran da jirgin Kano ya kwana a tasha,
ubanka ya ƙaraso a ƙafa yana jan ragon suna."
Da wannan na yanki katin zaɓe,
da wannan na yi aure.

Jiya Tasalla ta dawo daga Samaru,
ta ture matattun rediyoyi, ta zauna a bencin shagona na Tudun Wada,
ta ƙirga da yatsu, ta ce, "Baba, sittin da huɗu ce."
Ta leƙa bayan akwatin da nake kwancewa,
ta ga sunan Japan a jikin ƙarfe,
ta zaro waya:
"Bari mu ga su me suka yi a shekararka."

Ta karanta, ina warwarar waya.

Wai a watan shida ƙasa ta girgiza a Niigata,
yashi ya zama kunu a ƙarƙashin benaye,
gidaje suka kishingiɗa ba su fashe ba,
sabuwar gada ta durƙusa a kogi,
tankunan mai suka yi kwanaki suna cin wuta.
Na ajiye sukurdireba.
Lokacin ina cikin Inna, ina shurinta, ban san komai ba.

Wai Tokyo ta yi ƙishi a shekarar,
famfo ya bushe, mata suka fito da bokitai suna jiran tanka.
Nan na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ashe su ma sun san layin ruwa!
Da sun aiko, da mun ba su aron 'yan garuwa.

Ran ɗaya ga watan goma
suka saki jirgin ƙasa mai hanci kamar harsashi,
Tokyo zuwa Osaka, awa huɗu.
Na ce, Tasalla, sake faɗa.
Ni da shi goyon kaka ɗaya ne ke nan.
Shi yana can yana gudu har yau,
namu kuwa awaki ke kiwo tsakanin dogo.

Kwana tara bayan haka duniya ta taru wasanni.
Saurayin da ya kunna wutar taron,
an haife shi ran da bam ya sauka a Hiroshima.
Wani ɗan damben ƙasarmu ya dawo da lambar tagulla.
Inna ba ta ji ba,
tana wankan jego da ganyen darbejiya.

Sai jerin haihuwa.
Mawaƙa, marubuta, 'yan ƙwallo, masu fim,
kowa da watansa, kowa da ranarsa,
sunaye masu daɗin faɗi kamar ana tsintar wake.
Tasalla ta gaji a wata na bakwai.
Na ce ci gaba, akwai wanda nake nema.

Shekara arba'in ina buɗe cikin rediyo,
ina tarar da ɗan jan hatimi, bai kai ƙwayar gurjiya ba,
shaidar wani ya duba ya ce ta yi.
Ban iya karanta shi ba.
Amma na san ɗigon dalmarsa, ba ya zuba, ba ya ƙwauro.
A raina na sa masa shekaruna,
na ba shi ciwon baya irin nawa,
da tabarau, da 'ya mai yawan tambaya.
Ba ya cikin jerin.
Tasalla ta ce, "Kai ma ba ka ciki, Baba."

Wajen la'asar aka kawo wuta.
Ƙarfen liƙi ya ɗau zafi.
Na sa ɗigona kusa da nasa,
rediyon Malam Barau ta yi gyaran murya
ta fara faɗin farashin masara.